Ziyarar Mahdiya, Garin Bakin Teku a Tunisiya: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawo a bakin masu shirin zuwa Mahdiya, ko dai don hutu, ko don su haɗa ta da ziyarar Ƙairawan. An fara da na farko-farko, sannan aka gangara zuwa waɗanda sai tafiya ta matso mutum yake tuna su.

Ina ne Mahdiya, kuma wane irin gari ne?

Mahdiya tana gabar Bahar Rum ta gabashin Tunisiya, kimanin kilomita 200 kudu da babban birnin ƙasar, Tunis, kuma kimanin kilomita 60 daga Susa. Mutanenta ba su kai 100,000 ba. Sana'o'insu kamun kifi, man zaitun da saƙar alharini, sai kuma hidimar baƙi da ta zo daga baya.

Tsohon garin yana zaune ne a kan wani siririn harshen dutse da ya kutsa cikin teku, tsawonsa bai kai kilomita ɗaya da rabi ba. Ruwa ya kewaye shi ta gefe uku, hanyar shiga ta ƙasa ɗaya ce tak. Saboda haka kusan kowane lungu ka bi, ƙarshensa teku ne. Daga arewa maso yamma kuma akwai dogon rairayi fari inda aka jera manyan otal-otal. Waɗannan wurare biyu tamkar garuruwa biyu ne, kuma wanda ya ƙare kwanakinsa a cikin otal bai ga Mahdiya ba tukuna.

Wa ya kafa garin?

Abdullahi al-Mahdi, halifan farko na daular Faɗimiyya, shi ya sa aka fara ginin a 916, ya tare a 921, garin kuma ya ɗauki laƙabinsa. Ya zaɓi wurin ne don tsaro. Faɗimawa 'yan Shi'a Isma'iliyya ne, malaman Ƙairawan kuwa Malikawa, ba su taɓa sakin jiki da sabon sarkin ba. Sai ya nemi inda zai jingina bayansa da teku, ya toshe wuyan harshen dutsen da ganuwa mai kauri. Dabarar ta yi amfani: a 944 zuwa 945 Abu Yazid, wanda ake kira mai jaki, ya yi wa garin ƙawanya da tawayensa, ya kasa shiga.

Bayan Faɗimawa sun koma Alƙahira a 973, garin ya yi ta sauya hannu. Sarakunan Banu Ziri sun fake a cikinsa a 1057 lokacin da Larabawan Banu Hilal suka mamaye ƙasar. Jiragen Jenowa da Pisa, garuruwan Italiya, sun kai masa hari a 1087, Normanawan Sisili sun riƙe shi daga 1148 har Muwahhidai suka ƙwace a 1160. Sifaniyawa sun ci shi a 1550, da za su fita a 1554 suka tarwatsa ganuwar da albarushi. Wannan ne dalilin da ya sa abin da za ka gani na zamanin Faɗimawa ragowa ne kawai. Mutanen garin a yau Ahlus Sunna ne, Malikawa.

Ina buƙatar biza?

Ya danganta da fasfonka. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza, kuma daga ofishin jakadancin Tunisiya a Abuja ake nema tun kafin tafiya. Nijar tana cikin ƙasashen da aka ɗauke wa biza don gajeriyar ziyara. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa, don haka ka tuntuɓi ofishin jakadancin kafin ka biya kuɗin jirgi. Ko da biza ko babu, ka riƙe shaidar kama ɗakin otal, tikitin dawowa da katin rigakafin shawara a jakar hannunka. Wanda ya wuce wa'adin da aka ba shi, tara ake lissafa masa mako-mako. Dubi tambayar da ta shafi baƙar fata a ƙasa, domin takardun nan suna da amfani har bayan an wuce filin jirgi.

Yaya ake isa can?

Daga Najeriya yawanci sai an sauya jirgi a Alƙahira, Istanbul ko Kasabalanka kafin a sauka Tunis. Daga Tunis, hanya mafi sauƙi ita ce motar haya da suke kira luwaj: farar ƙaramar bas mai jan layi a jiki, tana ɗaukar mutum takwas, ba ta tashi sai ta cika. Tashar Moncef Bey ce ke da motocin kudu, tafiyar kuma kamar awa uku ce. A taga ake sayen tikiti, kuɗin a ƙayyade yake, babu ciniki.

Wanda ba ya sauri, ya sauka a Susa ya hau jirgin ƙasa mai lantarki da ake kira Métro du Sahel. Yana bi ta Munastir da ƙananan garuruwan gabar teku har ya tuƙe a Mahdiya cikin ƙasa da awa biyu, kuɗinsa kaɗan ne, kuma tashar tana kusa da tashar jiragen kamun kifi, tafiyar ƙafa ce zuwa ƙofar tsohon gari. Jirgin yana tsayawa a filin jirgin sama na Munastir, wanda shi ne mafi kusa da Mahdiya. A cikin gari tasi ruwan ɗorawa ne, kuma suna da mita. Ka tabbata direba ya kunna ta.

Wane lokaci ya fi kyau a je?

Mayu zuwa Yuni, ko Satumba zuwa Oktoba. A Yuli da Agusta zafi yana wuce digiri 30, otal-otal suna cika da Turawa da 'yan Aljeriya da 'yan ƙasa masu hutu, farashi kuma ya hau. Zafin ba zai ba mutumin Sakkwato ko Zinder tsoro ba, amma akwai laima a iskar, gumi ba ya bushewa da wuri. Satumba ta fi wa mai son shiga ruwa daɗi, domin tekun yana riƙe da ɗumin bazara bayan jama'a sun watse.

Daga Disamba zuwa Fabrairu ana sanyi da iska da ɗan ruwan sama, gidaje da yawa kuma ba a gina su don sanyi ba. Ba a wanka a teku a lokacin, amma garin yana komawa hannun masu shi. A watan azumi gidajen abinci suna rufewa da rana, gari ya farka bayan tarawihi. Agogon Tunisiya ɗaya ne da na Najeriya da Nijar.

A ina ya kamata in sauka?

Idan da iyali da yara kake, kuma rairayi kuka je nema, otal-otal na unguwar 'yan yawon buɗe ido sun fi sauƙi: abinci sau uku a cikin kuɗin ɗaki, tafkin ninkaya, rairayi a bakin ƙofa. Sai dai ana sayar da giya a yawancinsu, ana kiɗa da dare, kuma sai ka hau tasi kafin ka isa gari.

Ni dai zan ce ka nemi ƙaramin masauki a cikin tsohon gari ko kusa da ƙofarsa. Akwai tsofaffin gidaje masu tsakar gida da aka mai da masaukin baƙi. A nan za ka ji kiran sallar asuba daga masallatai da yawa a lokaci guda, ka fita ka sayi burodi da zafinsa, ka kai ƙarshen harshen dutsen kafin rana ta ɗaga. Ma'aurata su tafi da takardar aurensu, domin wasu ƙananan masaukai suna tambaya.

Daga ina zan fara yawo a tsohon gari?

Daga Skifa el Kahla, ita ce ƙofar garin. Katafaren gini ne da ke da dogon zaure mai duhu a cikinsa, tsawonsa ya haura mita 30. A da ƙofofi ne jere a ciki, wanda ya fasa ta farko sai ya ci karo da ta biyu. An sake gina fuskarta bayan ɓarnar Sifaniyawa. Gidan tarihin garin yana manne da ita, kuma daga samanta ana hango harshen dutsen gaba ɗaya, ruwa dama da hagu.

Ranar Juma'a ce kasuwar Mahdiya. A ranar zauren kansa yana cika da mata masu sayar da kayan amare: riguna masu aikin zaren zinariya, mayafan alharini, sarƙoƙi. Ba don baƙi aka kafa kasuwar ba, iyaye mata ne ke haɗa wa 'ya'yansu kayan aure, don haka a nemi izini kafin a ɗaga waya a ɗauki hoto. Daga nan hanya tana kai ka Dandalin Alƙahira, ɗan fili mai inuwar bishiyoyi inda dattawa ke shan shayi da gahawa a gaban masallacin Mustafa Hamza. Zauna a nan, kada ka yi sauri. A lungunan da ke kewaye za ka jiyo ƙarar masaƙa: maza ne ke saƙar alharini da hannu a ƙananan shaguna, kuma ba sa hana mai kallo tsayawa.

Me ya sa babban masallacin ba shi da hasumiya?

Haka aka gina shi tun 916. Gine-gine biyu da ke kusurwoyin fuskarsa ba don kiran salla aka yi su ba, matattarar ruwan sama ne, abin da gari mai zaune kan dutse a tsakiyar ruwan gishiri ba zai rayu ba sai da shi. Abin da masana gini ke zuwa kallo shi ne ƙofar shiga, wadda ta fito gaba daga bango da babban baka, salon da daga baya ya bayyana a masallatan Faɗimawa na Alƙahira. Yawancin ginin da kake gani an sake tayar da shi ne tsakanin 1961 da 1965 bisa tsarin asali, amma ƙofar da sashen arewa tsofaffi ne.

Ana salla a cikinsa. A Tunisiya masallatai da yawa ana rufe su tsakanin salloli, saboda haka ka daidaita zuwanka da lokacin salla. Za ka ji liman yana karatu da ruwayar Ƙaluna, 'yar'uwar Warshu da aka saba da ita a makarantun allo, domin dukansu daga Nafi'u suke. Mai karatun fiƙihu kuma ya sani cewa a wannan gari Imam al-Maziri ya zauna ya karantar, ɗaya daga malamai huɗu da Shaihu Halil ya dogara da zaɓinsu a Mukhtasar. Ya rasu a 1141, kabarinsa yana Munastir.

Mene ne a can ƙarshen harshen dutsen?

Nan ne wurin da ya fi cancanta ka ba shi lokaci. Da farko akwai Borj el Kebir, sansanin da Turkawa suka gina a ƙarshen ƙarni na 16 a kan tudun da ya fi ko'ina tsayi. Ana biyan kuɗin shiga, ɗakunan babu kaya a ciki, amma samansa ya isa dalilin hawa.

Daga gindinsa har bakin ruwa maƙabarta ce. Fararen kaburbura dubbai sun gangara kan dutse zuwa inda igiyar ruwa ke bugawa, babu katanga tsakaninsu da teku. A tsakiyarsu akwai tsohuwar tashar jiragen Faɗimawa, wani tafki mai kusurwa huɗu da aka sassaƙa cikin dutsen, wanda wasu masana ke ganin ya girmi Faɗimawan, tun zamanin mutanen Kartaj, tsohuwar daular da ta mulki gabar nan kafin Rumawa, yake. Daga irin wannan ƙaramin wuri jiragen yaƙi suke fita su tsorata garuruwan Italiya. Yau ƙananan kwale-kwalen masunta ne ke kwana a ciki. Gaba kaɗan akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da guntayen ganuwar da suka tsira.

Maƙabartar Musulmi ce, kuma 'yan'uwan mamatan suna zuwa ziyara. Ka yi wa mamatan sallama kamar yadda aka koyar, ka bi hanya, kada ka taka ko ka zauna kan kabari don neman hoto, ko da ka ga wasu baƙi suna yi. Da sassafe ko bayan la'asar ne lokacin zuwa, domin babu inuwa ko kaɗan.

Ban iya ruwa ba. Zan iya shiga teku?

Za ka iya, amma a rairayin arewa kawai. Yashinsa fari ne mai laushi, ƙasan kuma tana gangarawa a hankali, mutum zai yi taku da yawa ruwa bai wuce ƙugunsa ba. Ka tsaya a inda ƙafarka ke taɓa ƙasa, kusa da masu ceto, waɗanda a lokacin bazara ne ake samunsu. Jar tuta na nufin ba a shiga, ko da idonka ya ga ruwan a kwance. Ranar da iska ta taso daga arewa ko gabas, ruwa yana ja ta ƙasa, kuma wanda ya saba da kogi ko tafki bai san wannan jan ba. Yaro kuwa kada a sake shi da robar iyo a juya masa baya, iska tana iya tura robar ciki cikin minti kaɗan.

Samarin garin suna tsalle daga duwatsun da ke gefen tsohon gari. A wurin suka tashi, sun san kowane rami. Kai ka yi kallo. A ƙarshen bazara wani lokaci ana samun wata halitta mai kama da leda a ruwa, wadda 'yan ƙasar ke kira hurriƙa, taɓa ta yana sa zafi da ƙuna a fata. Idan ta same ka, wanke da ruwan tekun, kada ka murza. Busasshiyar ciyawar da za ka gani ta taru a bakin ruwa ba shara ba ce, ciyawar ƙarƙashin teku ce da ke kare yashi daga zaizayewa.

Mace mai hijabi za ta sake a bakin teku?

Ƙwarai. A rairayin jama'a za ki ga mata 'yan ƙasa suna shiga ruwa da kayan ninkaya masu rufe jiki duka, wasu ma da dogayen rigunansu, kuma babu mai kallonsu. Matsalar tana tasowa ne a wasu otal-otal da ke hana irin wannan shiga a tafkinsu, don haka a tambaya a rubuce kafin a biya. Abu ɗaya na tsaro: zani ko abaya mai faɗi idan ta jiƙe tana nauyi tana naɗe ƙafa. Kaya masu ɗan kama jiki daga ciki sun fi aminci.

Me ake ci?

Kifi. Mahdiya tana cikin manyan tashoshin kamun kifi na ƙasar, musamman sadin da danginsa, waɗanda ake kamawa da dare ta hanyar haska fitila a kan ruwa su taru. Idan ka leƙa teku da dare ka ga fitilu jere a nesa, masunta ne. Da safe ka je kasuwar kifi kusa da tashar ka ga abin da suka kawo. A gidan abinci ka nemi gasasshen kifin ranar, yana zuwa da soyayyen dankali da haɗin tattasai da tumatir. Akwai kuskus da kifi, akwai birik, wato siririn fallen fulawa da ake naɗe ƙwai da kifin tuna a ciki a soya, akwai lablabi na wake da burodi don safiyar sanyi. Harisa, yajinsu na jan barkono, tana kan kowane teburi, kuma bakin da ya saba da yaji ba zai sha wahala ba.

Za a kawo maka ƙarniɗ, wata halittar teku mai hannuwa takwas, da jatan lande da sauran halittun ruwa. A mazhabar Malikiyya duk halal ne, sai dai in ranka bai so ba. Naman kasuwa yankan Musulmi ne. Kifi babba da nauyi ake sayar da shi, ka sa a auna a faɗa maka kuɗin kafin a ɗora a wuta.

Akwai yawon jirgin ruwa ko nutso?

Akwai jiragen katako da ke fita da baƙi na 'yan awoyi daga tashar, da abincin rana da kiɗa. Yara suna jin daɗinsu. Ka duba akwai rigar ceto kafin ka hau. Akwai kuma makarantun nutso ga wanda ya iya ruwa.

Tekun nan yana da tarihi a ƙarƙashinsa. A 1907 masu nutson neman soso suka ci karo da wani jirgi da ya nutse tun ƙarni na farko kafin haihuwar Annabi Isa, kimanin kilomita 5 daga gaɓa, a zurfin mita 40. Yana ɗauke da ginshiƙan marmara da sassaƙe-sassaƙen tagulla daga Girka. Kayan ba sa Mahdiya, suna gidan tarihi na Bardo a Tunis, sai ka ware musu rabin yini a hanyar komawa.

Baƙar fata zai fuskanci matsala?

Wannan tambaya ce da ya kamata a amsa ta ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Gabar da ke tsakanin Mahdiya da birnin Safakis da ke kudu da ita tana cikin wuraren da kwale-kwalen masu ƙaura ke tashi zuwa tsibirin Lampedusa na Italiya, kuma rayuka da yawa sun salwanta a wannan ruwan da baƙi ke wanka a cikinsa. Bayan jawabin shugaban Tunisiya Kais Saied a Fabrairun 2023 kan baƙin haure, an kai wa 'yan Afirka baƙar fata hare-hare, an kori wasu daga gidajen haya, har ƙasashe irin su Gini, Mali da Kwaddibuwa suka kwashe 'yan ƙasarsu. Dubbai sun ƙare a cikin gonakin zaitun na arewacin Safakis.

Ma'anar wannan gare ka ita ce za a iya tsayar da kai a tambaye ka takardu fiye da yadda za a tsayar da Bature. Fasfonka ya kasance a jikinka, tare da katin otal da tikitin dawowa da aka ambata a tambayar biza. Kada ka yi yawon dare a gaɓar da babu mutane, kuma duk wanda ya tare ka da maganar tsallakawa Turai, ka ba shi baya. A cikin gari kuwa, mafi yawan waɗanda za ka haɗu da su masu karamci ne. Sallama tana buɗe fuska, haka ma 'yan kalmomin Larabcinsu: aslama wajen gaisuwa, ayshik wajen godiya, ƙaddesh wajen tambayar kuɗi. Mai Faransanci ba zai rasa abokin magana ba.

Waɗanne wurare ke kusa da za a je a dawo a yini ɗaya?

El Jem ce ta farko, kimanin kilomita 40. A can akwai katon dandalin wasan Rumawa na ƙarni na 3, wanda ke ɗaukar kimanin mutum 35,000, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1979. Ka je da safe. Salakta tana kudu kaɗan da Mahdiya, ƙauyen masunta ne a kan kufan tashar Rumawa, da ɗan gidan tarihi mai hoton zaki da aka jera da ƙananan duwatsu. Munastir tana kan layin jirgin ƙasan da aka ambata a sama, da ribaɗinta, wato sansanin tsaron gaɓa, da aka fara ginawa a 796.

Ƙairawan ta fi nisa, ta ɗan haura kilomita 100, kuma ta fi ƙarfin ziyarar tsaitsaye. Uƙba bin Nafi'u ya kafa ta a 670. Nan Sahnun mai Mudawwana ya rayu, nan Ibn Abi Zaid ya rubuta Risala, nan kuma kabarin sahabi Abu Zam'a al-Balawi yake. Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami da Risala a hannu, ya kwana ɗaya a can.

Yaya maganar kuɗi, waya da tsaraba?

Kuɗinsu dinari ne, kowane ɗaya milim 1,000, shi ya sa za ka ga an rubuta 2,500 alhali dinari biyu da rabi ake nufi. Ba a karɓar naira ko sefa, ka tafi da yuro ko dala ka canza a banki ko shagon canji mai lasisi. Doka ta hana fita da dinari daga ƙasar, kuma sai da rasidin canji za a mayar maka da ragowar a filin jirgi, don haka ka adana shi. Layin waya na Ooredoo, Orange ko Tunisie Telecom ana sayensa da fasfo. Soket ɗinsu mai rami biyu ne irin na Nijar, mutumin Najeriya sai ya nemi mahaɗi.

Tsarabar da ta fi ita ce mayafin alharini daga hannun masaƙin kansa, a lungunan da aka ambata kusa da Dandalin Alƙahira. Ana ciniki, amma aikin kwanaki ne, kada ka taya shi kamar kayan kamfani. Sai man zaitun, harisa ta gwangwani da busasshen dabino. Man da harisar a babbar jaka ake sa su, an naɗe da leda sosai, domin ba a barin su a jakar hannu a jirgi.